Ahmad ɗan Majid, malamin teku



Mu ƴan Nijar ba mutanen teku ba ne. Daga Maradi ko Damagaram, wanda ke son ya ga ruwan da ba a hangen ƙarshensa sai ya ci hanya ta sama da kilomita dubu kafin ya isa Kotonu ko Legas. Abin da muka sani shi ne kogin Isa, tabkin Madarunfa, Tabalak, da kwale-kwalen masunta. Duk da haka mutumin da za ku karanta labarinsa a nan, sunan sana'arsa kalma ce da ke bakinmu kullum. A jiragen tekun Indiya na zamaninsa, wanda ya san hanya, ya san taurari da iska, ana ce masa mu'allim. Daga wagga kalma ce malam ɗinmu ya fito. To wanga malam, allonsa sararin sama ne, kuma in ya yi kuskuren karatu ba bulala ba ce sakamakon, rayukan mutane ne.

Sunansa Shihabuddin Ahmad bin Majid. An haife shi wajen shekarar 1432 a Julfar, wani gari na bakin ruwa inda Ras al-Khaima take a yau, cikin Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. Don ku gane lokacin da kyau: ya yi zamani da Muhammadu Rumfa na Kano, da Shehu Magili da ya ratso Agadas da Katsina, da Askiya Muhammadu na Songai. Sana'ar gado ce. Kakansa malamin jirgi ne, ubansa Majid kuma ya yi suna har ana yi masa laƙabi da matuƙin gaɓa biyu, wato gaɓar Larabawa da ta Afirka a Bahar Maliya. Uban ya bar wata doguwar waƙa mai baiti sama da dubu a kan hanyoyin wannan ruwa, ana kiranta Hijaziyya. Ahmad ya tashi ya haddace Alƙur'ani, ya karanta waƙoƙin Larabawa da littattafan taurari da na labarin ƙasa, amma babbar makarantarsa ita ce bayan jirgi, kusa da mai riƙe akala. Shi da kansa ya faɗi cewa ya yi shekara wajen hamsin yana kallon taurari daga kan ruwa.

Ku fara sanin irin jirgin tukuna, don kada ku hango wani babban jirgin ƙarfe mai inji. Katako ne, galibi na wani itace mai ƙarfi da ake sarowa daga gaɓar Malabar ta Indiya. Da yawa daga cikinsu ko ƙusa babu: huda katakan ake yi a ɗinke su da igiyar da aka tuƙa daga ɓawon kwakwa, a toshe kafofin, a shafe da man kifi. Ibn Jubair, matafiyin Andalus, ya ƙetare Bahar Maliya zuwa Jidda cikin irin wanga jirgi a 1183, kuma bayanin da ya bari na nuna hankalinsa bai kwanta ba sam. Amma ɗinkin na da nasa amfani. Jirgi ɗinkakke yana lanƙwasa in ya gogi dutse, inda mai ƙusa zai tsage, kuma a kowace gaɓa da ake da kwakwa ana iya gyaransa. Aibinsa shi ne yoyo. Kwasar ruwa daga cikin jirgi aiki ne na dare da rana, ba hutu. Sama kuma filafili ne babba mai kama da kusurwa uku, rataye a wani dogon itace da ke gicciye a jikin jigo. In za a sauya hannu, sai an taru an kewaya da wannan itacen gaba ɗaya zuwa ɗaya gefen, iska na fizga, jirgi na tangaɗi.

Zaman ciki fa? Kaya su ne suka fara cin wuri, mutane su sami abin da ya rage. Dabino da dawakai da lubban daga ƙasar Larabawa, masoro daga Malabar, yadi daga Gujarat, hauren giwa da zinariyar Sofala daga gabashin Afirka, kuma, gaskiya ba ta ɓuya, har da bayi. Fatake da alhazai su shimfiɗa tabarma bisa buhuna, nan ne ɗakin kwana, nan ne masallaci. Abinci shinkafa ce da busasshen kifi da dabino. Irin waɗannan jirage, har cikin ƙarnin da ya wuce, murhunsu akwati ne da aka zuba wa yashi don kada wuta ta kama katako, makewayi kuma wani ɗan akwati ne da aka rataye a wajen jirgi bisa ruwa. Ruwan sha a auna ake ba da shi. Ku da kuka yi karatun fiƙihu kun san hukuncin cewa ruwan teku yana tsarkakewa kuma mushensa halal ne. Ku tuna asalin tambayar daga masu shiga jirgi ta fito, waɗanda suka ce in sun yi alwala da ɗan guzurin ruwansu ƙishirwa za ta kama su. Mu muna karanta shi a matsayin mas'ala ta littafi. Su kuwa rayuwarsu ce ta kullum.

A cikin wanga cunkoso akwai manya guda uku. Nahuda shi ne mai jirgi ko wakilinsa, shi ke da maganar kaya da kuɗi. Rubban matuƙi ne da ya san wata gaɓa ciki da bai. Mu'allim kuma shi ne mai fitar da jirgi tsakiyar ruwa inda ba a ganin ƙasa, ya kai shi bakin tashar da aka nufa. In kun taɓa jin yadda madugu ke ratsa Tenere da ayarin gishiri daga Agadas zuwa Fashi da Bilma, ba alama sai taurari da yanayin rairayi, kun kama rabin zancen. Bambancin shi ne rairayi na tsayawa wuri ɗaya in madugu ya sauka ya huta. Ruwa ba ya tsayawa, yana jan jirgi ko ana barci.

Abu na farko da malami zai sani shi ne lokaci. Iskar tekun Indiya na sauya hannu sau biyu a shekara. Lokacin da mu muke cikin hunturu, can iska daga arewa maso gabas take busowa, ta kai jirage daga ƙasar Larabawa da Indiya zuwa Mogadishu, Malindi, Mombasa, Zanzibar da Kilwa. Lokacin daminarmu sai ta juyo daga kudu maso yamma. A tsakiyarta, wajen Yuni da Yuli, ƙarfinta kan kai a rufe tashoshin yammacin Indiya, ba shiga ba fita, don haka mai zuwa Indiya ko ya tashi da farkonta ko ya jira ta lafa wajen ƙarshen Agusta. Larabawa na kiran lokacin tashi mausim, kuma daga nan ne Faransanci ya samo kalmar da muka koya a darasin labarin ƙasa ta iskar damina ta Asiya. Wanda mausim ya kubce wa sai ya zauna a baƙon gari wata da watanni, wani lokacin kusan shekara, yana cin jarinsa. Kuma da yake watannin Hijira na zagaya yanayi, malaman jirgi ba da su suke lissafin tashi ba. Suna ƙidaya kwana ne daga Nairuz, shekarar rana mai kwana 365, a ce a tashi daga tasha kaza a rana ta kaza. Ibn Majid ya jera waɗannan ranaku tasha bayan tasha, yana gargaɗi mai zafi ga masu jinkiri saboda kwaɗayin ƙarin kaya.

Na biyu, taurari, kuma nan ne abin zai ba ku mamaki don ba baƙonmu ba ne. Manzilolin wata 28 da ya yi dogon bayani a kansu, su ne dai waɗanda tsofaffin manoma da malaman zaure ke lissafa damina da su: Haƙa'a, Hana'a, Zira'a, Nasara, Ɗarfa, Jabha da sauransu, galibinsu kwana 13 kowanne. Surayya kuwa ita ce kaza da ƴaƴanta. Manominmu na neman ranar shuka da su, shi kuma yana neman sa'ar dare da matsayin jirgi. Da'irar hanyoyinsa kashi 32 ce, kowane kashi da sunan inda wani tauraro ke fitowa ko faɗuwa, sai ka ji an ce a bi mafitar Suhailu ko mafaɗar Surayya. Allurar maganaɗisu, busol ɗin da muka sani a lakkol, tana nan a gaban mai akala. Ba Ibn Majid ya ƙago ta ba, an san ta a Sin tun da daɗewa kuma jiragen Bahar Rum na aiki da ita tun ƙarni na 13. Abin da ya ce ya yi shi ne gyara yadda ake ɗora ta a cikin gidanta.

Ga abin da ya fi burge ni. Don sanin yadda jirgi ya yi arewa ko kudu, malami na auna tsayin tauraron arewa, wanda suke kira Jahu, daga inda sama ta haɗu da ruwa. Ma'aunin shi ne isba'i, wato yatsa. Da'ira cikakka yatsa 224 ce a wajensu, ke nan yatsa ɗaya ta ɗan wuce digiri ɗaya da rabi. Kayan aikin ƴan alluna ne na katako da ake riƙewa gaban ido a wani tsayayyen nisa, gefen ƙasa a bakin ruwa, gefen sama a kan tauraro. Kowace tasha an san adadin yatsunta. Sai malami ya yi arewa ko kudu har tauraro ya zo daidai lambar garin da yake nema, daga nan ya miƙe gabas ko yamma yana riƙe da lambar dare bayan dare har ƙasa ta bayyana. Ku gwada da kanku. A daren da ba hazo, ku fita bayan gari inda ba fitila, ku fuskanci arewa, ku miƙe hannu sosai ku kwantar da yatsu huɗu, ku ɗora wasu huɗu a sama. A Maradi, Damagaram ko Yamai za ku tarar da tauraron kusa da saman yatsa ta takwas. A Tawa ya ɗan ɗaga, a Agadas ya ƙara. Maradi kusan layi ɗaya take da Adan ta Yaman, ta ɗan ɗara ta arewa kaɗan. A zamaninsa aikin ya fi haka wuya, don tauraron ya fi yanzu nisa da ainihin tsakiyar arewa, yana zagaye mai faɗi, dole a jira ya zo wani matsayi sananne kafin a auna. In an gangara kudu kuma ya nutse a ruwa, sai a koma ga Farƙadaini, in su ma sun yi ƙasa a koma ga Banatu Na'ashi. Nisan tafiya da zamu ake lissafa shi, tafiyar awa uku ke nan, takwas a kwana guda. Ba agogo, ba salula, sai ido da hadda.

Amma tsakiyar teku, duk da tsoronta, ba ita ce ta fi cin jirage ba. Bakin gaɓa ne. Shi ya sa babi na ƙarshe na babban littafinsa ya ba da shi kacokan ga Bahar Maliya, ruwan da ubansa da kakansa suka ƙare rayuwa a cikinsa. Ruwa ne siriri, gefensa biyu cike da duwatsun murjani da ke kwance ɗan ƙasa da fuskar ruwa, ba a ganinsu sai an zo kansu. A ɓangaren arewa iska kusan duk shekara daga arewa take, tana tura jirgi baya, abin da ya sa manyan jiragen Indiya suke tsayawa a Jidda. Masu bin gaɓa da rana suke tafiya, mutum ɗaya a sama yana karanta launin ruwa, shuɗi mai duhu zurfi ne, kore ko fari-fari haɗari ne, kafin magariba kuma a nemi mafaka a jefa anga. Ana jefa darma mai igiya da aka shafa wa kitse a gindi, ta nuna zurfi, ta kuma ɗauko abin da ke ƙasa, yashi ne ko laka ko ɓaraguzan murjani. Siffar dutse daga nesa, irin tsuntsayen da ke shawagi, ciyawar da ruwa ya kwaso, duk rubutu ne ga wanda ya iya karatu. Kusa da Indiya ma macizan ruwa ne ke shaida wa malami cewa ƙasa ta matso. Ibn Majid ya bi tsibiran Bahar Maliya da mashigunta ɗaya bayan ɗaya, ina ake shiga, ina ake kwana, ina ne ba a kusanta, kuma ya ambaci cewa abin da ya haddace daga waƙar ubansa ya taɓa tsirar da shi da jirginsa a nan. Ku riƙe wannan, don ruwan ba baƙo ba ne ga danginmu. Kakanninmu da suka tafi hajji a ƙasa, ta Chadi da Darfur har Sawakin, a ƙananan jiragen filafili suka ƙetare shi zuwa Jidda, kuma rayuwarsu na hannun matuƙan da suka gaji irin wanga sani.

Bai tsaya ga taurari da duwatsu ba, ya yi magana a kan halin malami. Ya duba jirgi tun yana kan tudu, ya duba igiyoyi da filafili da mutanen da zai tafi da su, kada ya yarda a yi lodin da ya wuce kima, kada ya hau jirgin da ba za a ji maganarsa ba. Ya zama mai ƙarancin barci, mai haƙuri, mai adalci tsakanin fatake, ya riƙa leƙa mai akala don kada gyangyaɗi ya karkatar da jirgi. Wanda ya taɓa shiga motar haya da aka yi wa lodi har sama, direba na hamma, zai gane cewa malam bai yi tsufa ba.

Rubuce-rubucensa sun kai wajen 40, mafi yawansu waƙe ne a ma'aunin rajazu, irin na Alfiyyar Ibn Malik. Dalilin a fili yake: takarda na jiƙewa, dare ba fitila, hannu na kan igiya, amma abin da aka haddace yana nan. Hawiya, wadda ya gama a 1462 (866 Hijira), baiti 1082 ce. Yana da waƙa a kan hanyar Sofala, yana da wata a kan gano alƙibla daga kowane sashe na duniya. Babban littafinsa na zube, Kitabul Fawa'id, ya kammala shi wajen 1490 cikin babi 12. Masana adabi ba sa yaba waƙarsa ta fuskar daɗi, wani wurin ma nahawun na ɗingishi. Kuma walla malam akwai cika baki. Ya ambaci malaman jirgi uku na zamanin Abbasiyawa da ake kira zakuna, ya sa kansa na huɗu, sannan ya nuna cewa su tattarawa suka yi, shi kuwa gwadawa ya yi. Ni dai ban ga laifinsa sosai ba. Mutumin da ya ce kada a karɓi ma'aunin tauraro sai an maimaita shi sau da yawa, ko da a littafin magabata aka same shi, ya san abin da yake faɗi.

Yanzu ga tabon da aka shafa masa. A watan Afrilu na 1498 Basko da Gama ɗan Fotugal ya iso Malindi bayan ya kewayo ƙarshen Afirka. Sarkin garin ya ba shi matuƙi, suka tashi ranar 24 ga wata, suka ci sama da kilomita 4000 cikin ƙasa da wata guda, suka sauka kusa da Kalikut ranar 20 ga Mayu. Abin da ya biyo baya ba daɗin ji. A 1502 Gama ya ƙone wani jirgi cike da masu dawowa daga Makka, maza da mata da yara. A 1505 aka washe Kilwa da Mombasa, a 1507 aka afka wa garuruwan gaɓar Oman, Gowa ta faɗi a 1510, Malaka a 1511, a 1517 har Jidda suka nufa amma ba su yi nasara ba. Ke nan duk wanda aka ce shi ne matuƙin nan, an ɗora masa kaya mai nauyi. Shekaru da dama bayan haka, wani marubucin tarihi na Makka, Ƙuɗubuddin Nahrawali, ya rubuta cewa Ahmad bin Majid ne ya nuna musu hanya, wai bayan sun shayar da shi giya. A shekarun 1920 Gabriel Ferrand, Bafaranshen da ya buga rubuce-rubucen Ibn Majid daga kwafin da ke babban ɗakin karatu na Pari, ya ɗauki zancen ya yaɗa, daga nan ya shiga littattafan makaranta. Har yau za ku ji wasu na faɗinsa da alfahari, wasu da baƙin ciki.

Ku auna da kanku. An haifi Nahrawali bayan abin ya faru, bai gani ba. Marubutan Fotugal da suka ba da labarin tafiyar, irin su Barros da Kastanyeda, sun ce matuƙin mutumin Gujarat ne ta Indiya, kuma sunan da suka ba shi, Malemo Kana, farkonsa kalmar mu'allim ce da bakinsu ya lanƙwasa, ba sunan mutum ba. Ibn Majid Balarabe ne, a lokacin ya haura sittin, sunansa ya cika tashoshi; da shi ne da ba a ɓoye ba. Tibbetts, wanda ya fassara Fawa'id zuwa Ingilishi a 1971, ya yi shakkar labarin, Ibrahim Khuri ɗan Sham ya rushe shi, haka Sanjay Subrahmanyam masanin tarihin Indiya. Abin da tafiyar ta tabbatar ma wani abu ne dabam. Da Gama zai koma, ba malami a jirginsa, ya tashi ba a kan mausim ba. Ruwan da ya ƙetare cikin ƙasa da wata ya cinye masa wata uku, mutanensa wajen 30 suka mutu da ciwon da ke kumbura dasashi, har ya ƙone ɗaya daga jiragensa don ba isassun hannuwan da za su tuƙa shi.

Wajen 1500 labarin Ibn Majid ya yanke. Sulaiman al-Mahri na Shihr ya ɗora a kan aikinsa, ya tsara shi ya fi nasa bin ƙa'ida. A 1554 Sidi Ali Rais, kwamandan jiragen Daular Usmaniyya da guguwa ta jefa gaɓar Gujarat, ya tattara littafinsa Muhit cikin Turkanci yana dogaro da su biyun. Matuƙa kuma suka ci gaba da kwafar hanyoyinsa hannu da hannu. A 1854 Richard Burton, Baturen Ingila, ya shiga wani jirgin filafili daga Adan zai ƙetara gaɓar Somaliya, ya ga kafin su fita babban ruwa sai da ma'aikatan jirgin suka karanta Fatiha ga wani Shehu Majid. Shekara sama da 350 ke nan bayan rasuwarsa.

Allah shi jiƙan malam, shi kyauta makwanci.